Inna Dela da Azara Talatin da Ɗaya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba na shekarar 2025, da hantsi, Allah ya yi wa Inna Dela Ranau rasuwa a gidan 'yarta Tabita da ke Kazaure, bayan jinyar kusan wata biyu. Washegari aka kawo ta gida, Dutsen Barau ta ƙasar Roni, aka yi mata sujadar bankwana, aka kai ta makwancinta kusa da mijinta. Ba wanda ya san shekarunta daidai. Ita dai takan ce tana goye da Ishaya, ɗanta na farko, aka yi farin nan da ya ƙarar da shanu, mu kuma masu son lissafi muka ƙiyasta ta ba saba'in baya da 'yan kai.

Ni ne Irmiya Nomau, tsohon malamin firamare, magatakardan ikilisiyar Dutsen Barau shekara ashirin da shida. Marigayi Ranau ƙanin mahaifina ne, shi ya sa nake ce mata Inna. Dattawan ikilisiya ne suka ɗora mini wannan rubutu. Wanda ya san mu zai yi mamaki, domin ni da ita mun daɗe ba ma shan inuwa ɗaya a kan maganar ginin majami'a. Na karɓa ne saboda akwai abin da na yi mata, wanda gara jama'a su ji shi daga bakina.

Inna, ba zan ce kina da sanyin hali ba, don masu karanta wannan sun san ki. Bakinki yana da kaifi, kuma ba kya barin magana ta kwana a cikinki. Amma rabin mutanen garin nan da na ƙauyukan kewaye, Kirista da Musulmi, ke kika yanke musu cibiya, ba ki taɓa tambayar mai zuwa kiranki ko ɗan gidan wa ne ba. Daddawarki ta yi suna har kasuwar Roni, kuma kowa ya san akwai wata ƙwarya da kike rufewa a gefe wadda ba ta sayarwa ba ce, ta gwauraye ce da masu jego. Ɓawon ɗorawar ma ba kya zubarwa. Tarawa kike yi, in bazara ta yi ki jiƙa makuba a yi wa majami'a yaɓe kafin ruwa ya sauka. Lokacin da mahaifiyata ta kwanta ciwonta na ƙarshe ina koyarwa a Babura, ke kika yi wata huɗu kina juya ta kina wanke ta. Da na zo yi miki godiya, cewa kika yi in je in aske gemun nan da ya mai da ni bunsuru.

Domin waɗanda ba su taras da tsohuwar majami'armu ba, ya kamata in faɗi yadda aka gina ta. A shekarar 1974 ne. Kafin nan a gindin tsamiya ake sujada, ƙofar gidan Barau. Mai bisharar wancan lokaci ya samo kwanon rufi, amma babu katako, ko an samu ma garar ƙasarmu ba ta barinsa ya shekara uku. Sai dattawa suka yanke cewa kowane gida ya kawo azara ɗaya ta giginya, wadda gara ba ta iya mata. A lokacin azara ba abin wasa ba ce. Wasu daga rufin ɗakin kwanansu suka zaro, wasu suka ba da wadda suka tanada don ɗakin ɗansu mai shirin aure. Kowane maigida ya sa gizago ya sare shaidar gidansa kusa da kan azarar, irin wadda suke yi wa ƙotar fartanya: wannan tsaga biyu, wancan uku, wani ƙafar kaza. Gida talatin da ɗaya, azara talatin da ɗaya. Da tsawon azarar aka auna faɗin ɗakin, shi ya sa ya fito siriri dogo, har baƙi na yi mana tsiya wai jirgin ƙasa muka gina.

Tun daga nan kowane gida yake zama a ƙarƙashin azararsa, maza dama, mata hagu. A nan ake miƙa jaririn gidan ga Ubangiji, a nan ake ajiye gawar gidan kafin a fita da ita. Aka kuma kafa doka, ba a rubuce ba, cewa ba a taɓa azara sai da yardar gidan da ya kawo ta.

Sau ɗaya aka gwada dokar nan a gabana. Tanko ɗan Barau ya yi rigimar iyakar gona da gidan Mayau, dattawa suka ba shi rashin gaskiya, ya fusata ya ce a ba shi azarar ubansa, shi da majami'a har abada. Dattawa ba su da ikon hana shi, don doka tana bayansa. Ke kika ce a ba shi, har kika yi alkawarin aro masa tsani. Sharaɗinki ɗaya ne, ya zo ya zare ta ranar Lahadi jama'a na zaune a ƙasa, ya ga kan wanda kwanon zai faɗo. Tanko bai zo ba. Bayan mako uku aka gan shi a mazauninsa, yana waƙa da ƙarfi fiye da kowa.

Duk Asabar ke ce mai shara. In kin gama sai ki miƙe ƙafa a ƙasa, ki jingina da bango, ki ɗaga kai, bakinki na motsi. Ina sabon malami na ɗauka yoyo kike nema ko jemagu, har wata rana na tambaye ki. Kika ce, "Malam mai biro, kai kana da littafinka, ni ga nawa." Ashe addu'a kike yi. Ba ki iya karatu ba, don haka rufin ne yake riƙe miki sunaye. Daga azarar da ke kan bagadi kike farawa, ki bi su ɗaya bayan ɗaya har bakin ƙofa, kowace ki ambaci gidanta: masu ciwo, masu ciki, marayu, waɗanda suka koma Kano, waɗanda suka musulunta, waɗanda gidansu ya zama kango. Kin taɓa gaya wa matata cewa amfanin abin shi ne ba a tsallake. Ko kina gaba da mutanen gida, in kin zo kan azararsu dole ki faɗi sunansu a gaban Allah, kuma da wuya ki faɗa sau uku gabar ba ta yi laushi ba.

A shekarar 2017 muka buɗe sabuwar majami'a. 'Ya'yanmu na Kano da Kaduna suka haɗa ƙarfi, ni kuma aka sa ni shugabancin kwamitin gini. Bulo ne da siminti, da tayil a ƙasa, da fankoki, da farin silin a sama. Har gobe ba na jin kunyar aikin nan. Tsohuwar ta yi mana kaɗan, zafinta a bazara sai wanda ya zauna a ciki, bangonta na yamma kuma ya fara tsagewa. Ranar buɗewa kin zo, kin yi rawa tare da mata, kin ci shinkafa. Lahadin da ta biyo baya aka neme ki aka rasa. Kina can tsohon gini ke kaɗai, kina sauraron wa'azi ta lasifika. In ranar Jibin Ubangiji ce sai ki shigo ki karɓa tare da jama'a, ki koma. Haka kika yi shekara huɗu.

Abin ya dame ni, musamman in muka yi baƙi suka ga tsohuwa ta ware kamar wadda aka kora. Na same ki da hujjata, wadda kuwa gaskiya ce, cewa ikilisiya mutane ne, ba gini ba, kuma Allah ba ya zama a cikin laka da kwano. Kika saurare ni har na gama, sannan kika ce, "Na sani, Malam. Mutum ma ai ba riga ba ne. Ka taɓa fita tsirara?" Da kika ga na ɓata rai sai kika sassauta, kika ce ba ki raina aikinmu ba, ɗaki ya yi kyau. Amma kin shiga kin ɗaga kai, kin ga fari fat, ba ki ga kowa ba. Na dawo gida na ce wa matata rigimar tsufa ce.

A farkon shekarar 2021 wani mai bishara, Barnaba, ya zo mana daga Zangon Marke ta ƙasar Gwiwa. Gida tara ne suka ba da gaskiya a can, kuma a rumfar kara suke sujada. Sun buga tubali da kansu, wani ya ba su kwano, amma azara ta gagara, don giginya ta yi wuya a ƙasar nan. Ya ji muna da tsohon gini da ba a amfani da shi, ya zo roƙo. Kwamiti bai yi rabin sa'a ba ya amince. A wurina kuwa, in faɗi gaskiya, faɗuwa ce ta zo daidai da zama: a taimaki bishara, a kuma raba ki da kangon nan.

Sai dai akwai dokar nan ta neman yardar kowane gida. Waɗanda suka sare shaidun sun daɗe da rasuwa, jikokinsu sun watse, kuma duk garin babu mai iya cewa wannan shaida ta gidan wane ce sai ke. Sau uku ina zuwa. Duk zuwan da na yi kina dakan kalwa, ba kya ko ɗaga kai, sai ki ce kin manta, ai rigimar tsufa ta cinye miki hankali. A nan na gane matata ba ta riƙe sirri.

Ba ki gaya wa kowa ba, wata Lahadi kika hau babur ɗan haya kika tafi Zangon Marke. Barnaba ne ya ba ni labarin abin da kika gani. Rumfar tana bakin hanyar rijiya. Duk mai wucewa da jaki ko tulu sai ya tsaya ya yi kallo, mata suna waƙa ciki-ciki don kunya, awaki suna cin zanar da aka kewaye rumfar da ita. Maƙwabta ba su hana su ba, amma suna cewa addinin da ba shi da ɗaki baƙo ne, gobe zai tashi. Bayan an tashi, wata mace mai suna Rahila, wadda mijinta ya shekara a kwance, ta zauna kusa da ke ta ce, "Inna, ba mu da inda za mu yi kuka." A gida surukai na kallo, a rumfa duniya na kallo. Barnaba ya ce sai kika riƙe hannunta. Ranar Litinin da safe kika yi sallama a ƙofar gidana, kika ce in ɗauko birona.

Sharuɗɗa biyu kika kafa. Na farko, a nemi kowane gida a tambaye shi, ko yana bangon duniya. Na biyu, a koya wa mutanen Zangon Marke kowace azara da gidanta, su riƙa ambaton gidajen a addu'a kamar yadda kike yi. Na ɗauki alkawarin duka biyun a gaban dattawa. Na farkon ya ci mini wata biyu ina waya da aike, amma ba gidan da ya ƙi. Wanda na fi jin nauyin tunkara shi ne ƙaninki, Malam Muhammadu Lawal, wanda ya musulunta tun yana saurayi, kuma shi ne yanzu babba a gidan mahaifinku. Tare muka je. Ya ce, "Abin da Baba ya bayar ni ba na karɓa. Yaya, yaushe za a kwasa? Shanuna na nan." Amalankensa ce ta yi jigilar, sawu uku.

Ranar da aka sauke rufin kika zauna a kujera 'yar tsugunno a bakin ƙofa. Duk azarar da aka sauko da ita sai ki faɗi gidanta, ni kuma in zana shaidar a takarda in rubuta sunan a gefe. Wasu mata sun yi hawaye. Ke ba ki yi ba. Da aka gama kika ɗauki tsintsiya kika share ɗakin da ba shi da rufi, kika tafi gida. Lahadin da ta zagayo kika shigo sabuwar majami'a kika zauna kusa da ƙofa, kuma ba ki sake fashi ba.

Yanzu na zo kan abin da na yi miki.

Mutanen Zangon Marke sun riga sun ɗaga bango kafin azarorin su isa, kuma ɗakinsu bai kai namu faɗi ba da kusan kamu biyu. Ranar da za a ɗora, ni ya kamata in isa da sassafe da takardata in yi wa magini bayani. Na tsaya taron tsofaffin malamai a Roni, ina cewa ai ɗora rufi ba a gama shi da wuri. Na isa bayan azahar. Maginin baƙo ne, ba wanda ya gaya masa komai. Da ya ga azarorin sun yi tsawo sai ya sa zarto ya rage su, kuma don ya kyauta, sai ya riƙa zaɓen ɓangaren da ya ga an sassare yana cirewa, a ganinsa nan ne ya lalace. Matan da ke dafa wa 'yan gayya abinci suka kwashe guntayen suka tura a murhu. Ko da na zo rufi ya hau, shaida ko ɗaya ba ta rage ba, azarorin kuma an jera su yadda suka zo hannu. Magini ba shi da laifi, matan ma haka. Na tsaya da takarda a hannu wadda ba ta da sauran amfani.

Na roƙi Barnaba ya rufa mini asiri. Da na dawo kika tambaye ni, na ce an ɗora lafiya. Kika ce na nuna musu? Na ce ana kan koya musu. A raina na ce tausayinki nake ji, kada baƙin ciki ya kwantar da ke. Akwai wannan, amma wanda ya fi shi yawa tsoron bakinki ne, da kunyar a ce mai biro ya ɓatar da abin da marar karatu ta riƙe shekara arba'in da bakwai.

Daga nan na zama mai tsaron hanyar Zangon Marke. Ranar keɓe majami'ar na ce mota ta cika. Da damina na ce rafi ya kawo. Da rani na ce gwiwarki ba za ta jure babur ba, har na sa Tabita ta hana 'yan haya ɗaukarki, ita kuwa ta ɗauka kulawa ce. Shekara huɗu ina wannan. A cikinsu kin sha yi wa mata ƙorafin addu'arki ta rikice, in kin kai gidan Mayau sai ki ɓata, ki koma baya, ki tsallake wasu, ki kwana kina tuna wa kika bari. Duk na ji. Wani lokaci nakan ce gobe zan je in karanta miki sunayen daga takarda, sai in tuna za ki tambaye ni Zangon Marke, in fasa.

A ƙarshen watan Agustan bana numfashinki ya fara yin sama, Tabita ta zo da motar haya za ta kai ki Kazaure a duba ki. Kika ce ba inda za ki sai an biya ta Zangon Marke, kuma da Malam za a tafi. Ba na jin kin san komai. So kawai kike ki ga ɗakin, ki ji matan suna jera sunayen. Duk hanya ina haɗa maganar ina warwarewa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka a ƙofar majami'ar, gaban Tabita da Barnaba da Rahila, na gaya miki duka, har da taron Roni.

Kika dube ni. Kika shiga, kika ce a shimfiɗa miki tabarma a tsakiya. Kika kwanta rigingine, kika karɓi sandarki, kina bin rufin da ido. Can sai kika ɗaga sandar kika nuna ta biyar daga ƙofa. "Waccan mai gwiwa ta gidan Barau ce. Ita ce kan bagadi a can gida." Kika juya kai. "Wannan baƙar ta gidan Arzika ce, daga ɗakin girki aka zaro ta, hayaƙin bai taɓa barinta ba. Mai tsagar nan ta Mayau." Kika waiwayo inda nake tsaye kika ce, "Shaidar ai don ku aka yi, Malam, masu mantuwa. Ni shekara nawa ina kallonsu?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Abin da na ɓoye shekara huɗu don na ɗauka ya hallaka, ashe yana nan a kanki, yini ɗaya ya isa a gyara shi. Rahila ta kira mata suka zauna kewaye da ke, kina faɗa suna maimaitawa, ni ina rubuta wurin kowace. Aikin bai yi sauri ba. Azarorin a cakuɗe suke, ke kuma kin ƙi bin su yadda suke a sabon rufin. Da tsohon jerin kike tafiya, daga bagadi zuwa ƙofa, don da shi kanki ya saba, saboda haka kowace sai kin neme ta. In kin same ta kuma ba kya wucewa sai kin gaya wa matan wane ne a gidan, wa ya rasu, wa ke ciwo, wa ba ya samun haihuwa. Kin kai ashirin da uku numfashi ya ƙi, jiri ya ɗebe ki, Tabita ta ce ya isa haka. Kin so ki yi gardama, ƙarfi bai ba ki ba. Kika ce wa Rahila sauran takwas sai bayan kaka.

A mota, da muka kusa Kazaure, kika juyo wurina. Kika ce, "Shekara huɗu, Irmiya." Tun da na fara koyarwa ba ki taɓa kirana da sunana ba sai ranar.

Kwana goma kafin rasuwarki na je gaishe ki. Na durƙusa a bakin gado na ce ki yafe mini. Kika ce an yafe, a gajarce, kamar mai korar kaza. Sannan kika tambaye ni ko an fara yankan dawa. Na ce saura kaɗan.

Ban canja ra'ayina ba, har yanzu ina koyar da cewa ikilisiya mutane ne. Amma na daina faɗarsa da irin ƙarfin da nake faɗa da. Na ga mutanen gida tara da suke waƙa ciki-ciki sun sami bango huɗu sun buɗe murya, gidajensu yau sun kai sha huɗu, kuma maƙwabta sun daina ce musu baƙi. Na ga Rahila, wadda mijinta ya rasu bara, tana da inda take shiga ta rufe ƙofa. Na ji matan Zangon Marke suna roƙa wa Tanko ɗan Barau lafiyar ƙafarsa, alhali ba su taɓa ganinsa ba. Allah ba ya bukatar ɗaki, wannan haka yake. Mu ne muke mantuwa, muke jin kunya, muke gaba da juna, kuma ɗakin da aka gina da abin da kowa ya zaro daga rufin kansa yana yi mana aikin da wa'azi kaɗai bai yi. Kin san wannan tun ban iya riƙe alli ba, kuma duk da haka kika ba da ɗakin ga waɗanda suka fi ki bukatarsa.

Lahadin da ta wuce na koma Zangon Marke tare da Tabita da Ishaya. Sunayen gidaje takwas ɗin da suka rage suna nan a takardata, azarori takwas ɗin ma suna nan a sama, amma babu mai iya haɗa wannan da waccan. A tsohon jerin, azarar Ranau ce ta ƙarshe, ita ce a bakin ƙofa, don haka gidanki yana cikin takwas ɗin da ba ki kai ba. Mun daɗe a tsaye muna kallo. 'Ya'yanki a ƙarƙashinta suka girma, amma wurin suka sani, ba itacen ba. Ishaya ya nuna wata, Tabita ta nuna wata, daga baya duk suka sauke hannu. Matan can in sun gama ashirin da ukun sai su faɗi sauran sunayen a haɗe, idonsu a ƙasa. Wannan asara ba maginin ne ya jawo ta ba, ba kuma ajali ba. Ni ne.

Ina miƙa ta'aziyya, a madadin dattawa da dukan ikilisiyar Dutsen Barau, ga Ishaya da Tabita da 'ya'yansu, da Malam Muhammadu Lawal da iyalinsa, waɗanda suka zauna tare da mu kwana uku ana karɓar gaisuwa, da zumuntar mata ta nan gida da ta Zangon Marke, da duk wanda hannunta ya fara taɓawa ranar da ya zo duniya. Allah ya ba mu haƙurin rashinta, ya ta'azantar da zukatanmu, ya haɗa kan waɗanda ta bari. Gidajen nan talatin da ɗaya, duk inda suke, yau sun rasa mai ambatonsu kowace Asabar, Allah ya tashe musu wani.

Inna Dela, Allah ya ji ƙanki, ya gafarta miki kurakuranki, ya ba ki hutawa a wurinsa har ranar tashin matattu, albarkacin Yesu Almasihu. Kin yafe mini, na gode. Ina roƙon Ubangiji ya yafe mini shi ma, ya kuma karɓe ki da sunanki da na gidanki, tun da shi ba ya ɓatar da nasa. Amin.

Irmiya Nomau,
Dutsen Barau, Roni.